Maƙwabta, Za A Hau Sama

Asabar, 13 ga Fabrairu 2010

Sun iso! Pano takwas, faifan tara wutar hasken rana, cikin kwali a bayan motar Maraɗi, Ƙadri na zaune a kansu kamar mai rakiyar amarya. Tun daga kwanar tasha na hango hularsa, na fita ba takalmi. Uwa mai girkina tana ta kira, "Madam, mayafinki!" Wa ke ta mayafi.

Na sa ya buɗe ɗaya a tsakar gida. Baƙi wuluk, yana ɗaukar ido, har fuskata na gani a ciki. Wai wannan abin, ba man isansi, ba man gazuwal, ba hayaƙi, shi zai kunna fitilu da fankokin ɗakunan baƙi, har da firigon sanyaya ruwa. Ƙadri ƙanena ne, ni na goya shi, amma da ya fara bayanin batir da wayoyi sai na koma ƴar aji ɗaya, ni da na tsufa da alli a hannu a makarantar lakwal ta Mayahi.

Tun rasuwar mijina, baban ƴata Rashida, da na mai da gidan nan masaukin baƙi, injin wutar nan ke cin amanata. Kuran ɗin gari, wato lantarki, ya tafi, a tada injin, ya yi ta tari yana kore mini mutane. Filina na Mayahi na sayar saboda panon nan. Kowa ya ce Ramatu ta haukace. To, mu gani.

Jibo, mai yawo da Turawa daga Damagaram, shi ya sa mini abin a kai. Ya ce tunda hanyar arewa ta lalace da rashin tsaro, akwai masu son hutu irin na daban: su ga gonaki, su ga itatuwan gawo da manoma ke bari su tsiro, su hau amalanken jaki, su kwana inda ba ƙarar inji. In na sa hasken rana zai kawo mini tawagar gwaji. In sun yaba, kamfaninsu ya sa gidana cikin hanyarsa duk shekara. Abin da nake nema ke nan, ba wani ba. Ya Allah ka nuna mini.

Litinin, 15 ga Fabrairu

An ɗora su a saman soro. Marigayi ya zuba rufin siminti da niyyar bene, benen bai samu ba, ga shi yau rufin ya yi amfani.

Tun jiya na aika Uwa gidan Malam Danda, tunda gidansa ne manne da katangarmu ta kudu, kuma Hindu matarsa ba ta fita. Ya ce ba komai, Allah ya sa albarka, za su shige ɗaki. Da safe kafin a kafa tsani, Sidi mai gadi ya tsaya ya kware murya kamar yadda ake yi wa magina: "Maƙwabta, a kintsa, maza za su hau sama!" Muryar Sidi ai har kaji sai da suka kintsa.

Kudu aka fuskantar da su, wai can rana ta fi daɗewa. Da magariba Ƙadri ya ce, "Yaya, taho ki danna da hannunki." Na yi bisimilla na danna. Haske! Kuma shiru. Shirun ne ya fi ba ni mamaki, har kiran sallar masallacin bayan kasuwa na ji, wanda rabona da shi tun da na sayi injin nan. Na yi guɗa, ni kaɗai, da girmana.

Kafin ya koma ya ja mini kunne: a riƙa goge su da tsumma mai laima, in datti ya rufe su ƙarfinsu raguwa yake. Na ce wannan ai wasa ne.

Na tsallaka titi na tsaya can ƙetare don in ga yadda gidan yake ga mai wucewa. Ana hango su tun daga nesa. Duk Tasawa ba mai irinsu.

Alhamis, 18 ga Fabrairu

Sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Tun la'asar radiyo ba abin da take sawa sai kiɗan soja. Kuran ɗin gari kuma ya zaɓi yau ya tafi, sai ga mutane a ƙofata kowa da salularsa a hannu, suna son caji su kira ƴan uwa. Ƙasa na girgiza, ni kuwa Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Uwa ta ce ita tana budurwa aka yi haka, soja ya hau, yunwa na gari. Na ce ta rufe mana baki. Amma damana ba ta yi ba, kowa ya sani.

Laraba, 24 ga Fabrairu

Ƙanƙara! Firigo ya yi ƙanƙara da rana tsaka. Na ɗauko ɗaya na sa wa Uwa a wuya ta baya, ta yi tsalle ta zage ni tas, ta manta ni ce uwar ɗakinta.

Ɗakuna uku a cike, ma'aikatan furojen agaji ne masu auna hannun yara a ƙauyuka don gano masu tamowa. Ɗaya ya ce bai taɓa barci a Tasawa irin na jiya ba. Na ce ya maimaita, na kira Sidi ya ji.

Na sa an fitar da tsohon injin zuwa zaure an rufe shi da buhu. Ya huta, mu huta.

Asabar, 6 ga Maris

Ashe ba wasa ba ne. Manyan motocin nan na titi da ƙurarsu, ga tantabarun unguwa sun mai da panona masai. Fankoki sun fara lilo kamar masu jin barci. Kwana biyu ke nan ina sa Sidi ya yi shelarsa ya hau ya goge.

Yau yana kafa tsani sai ga Malam Danda ya yi sallama a zaure. Bai zauna ba. Mutumin da ko gardama ban taɓa ji ya yi ba.

"Madam, ranar gini mun yarda. Amma kullum a ce iyalina su shige ɗaki? Wanga abu ba shi yiwuwa."

Na ce Malam ai ɗan lokaci ne, kafin a sha ruwa an sauko. Ya ce ko ƙiftawar ido ce bai yarda ba, kada wanda ya sake hawa. Na ce sorona ne. Ya ce tsakar gidan nasa ne. Muka tsaya a nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Fili guda na sayar, mutum ya zo ya ce in bar wa tantabaru!

Talata, 9 ga Maris

Hassada ce, ba wani abu ba. Haka na gaya wa Uwa, ita kuwa ta ci gaba da yanka albasa.

Mutumin da gonakinsa na Maijirgi kowace shekara sai an yi ta jigilar damman gero a amalanke, har mu yake aiko wa da sabon gero. Ko bana da kowa ke kuka, su safe da yamma turminsu na ƙara, lugude har da salo, mu muna bin awon tiya-tiya a kasuwa. Me na tsare masa?

Hindu ma ta daina leƙo mu ta ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu. Da can ba ta wuce kwana biyu ba ta shigo hira ba. Na tambayi Ƙadri a salula ko a kafa zana ta wajensu. Ya ce zana a kudu inuwa ce a kan pano, gara ma kashin tantabara.

Juma'a, 12 ga Maris

An kira mu gaban mai unguwa bayan an sauko masallaci. Dattawa duk bayan Malam Danda suke, kowa na gyaɗa kai: namiji ba ya leƙa gidan wani, haka muka tarar. Na bar su suka gama. Sannan na ce:

"To, ranka ya daɗe, in maza ne matsala, ni zan hau. Mace ce ni. Mi Hindu ke da shi da ban da shi?"

Sai mai unguwa ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. "Madam, da shekarunki? Bisa tsani?" Na ce da shekaruna. Ya juya ya tambayi Malam ko yana da ta cewa. Malam ya sunkuyar da kai. Amma fuskarsa ba ta wanda aka kayar a gardama ba ce, wani iri ta yi, har na ɗan ji ba daɗi. A ƙarshe cewa ya yi, a hankali, in yi masa alƙawari ba zan waiwaya gidansa ba. Na ce na yi, me zan kalla.

Na ci! Na dawo gida ina rawa a zaure, Sidi ya kau da kai.

Asabar, 13 ga Maris

Na hau.

Wandon marigayi na sa ƙarƙashin zane, na ɗaure ƙugu da ɗankwali. Uwa ta riƙe tsani tana salati, tana cewa in na faɗo ita ba ta san abin da za ta gaya wa Rashida ba. A tsakiyar tsani na leƙa ƙasa. Na rufe ido na ci gaba.

Amma da na kai! Wayyo, shekara nawa ina gidan nan ban san abin da ke samana ba. Tasawa gaba ɗaya a shimfiɗe: hasumiyar masallaci, rumfunan kasuwa, tafkin da ya bushe ya tsattsage, can nesa itatuwan gawo kore shar a cikin gonaki jajaye. Iska mai daɗi. Titi ya miƙe gabas da yamma, motoci maƙil da samari da ƙunshin kayansu, duk masu tafiya cin rani ne, bana har da mata da yara.

Na goge pano ɗaya bayan ɗaya, bayana ga gidan Malam kamar yadda na yi alƙawari. Suka dawo suna ƙyalli, fankoki suka farka.

Ina can sama dabara ta faɗo mini. Tabarmi, katifu, gidan sauro, shayi. Baƙi su kwana a nan, su ga fitowar rana a kan gari. Ban ko gama saukowa ba na ce Uwa ta miƙo mini salula. Jibo har ihu ya yi. Ya ce wannan kaɗai ya isa ya sayar da gidana, kuma tawagar yawancinsu mata ne, sai mu san yadda za mu yi da mai unguwa.

Lahadi, 21 ga Maris

Yanzu hawa tsani ya zame mini kamar shiga ɗaki. Yaran unguwa sun sa mini suna Madam Sama. Ina so.

Jibo ya tabbatar: farkon Afrilu, mutum tara. Na sayo sababbin tabarmi a kasuwa, na ba tela ɗinkin gidan sauro. Gero ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. A radiyo yanzu ana faɗin kalmar yunwa a fili, abin da bara ba a yarda a furta ba. Masu furoje na ta rubuta sunayen gidaje.

Asabar, 27 ga Maris

Ban yi da gangan ba. Allah shaida ne.

Iska ce ta fizge tsumman daga hannuna, na juya in cafke shi, ya wuce katanga ya faɗa tsakar gidansu. Ido kuwa ya riga ya sauka.

Hindu na daka. Ina jin turmin kamar kullum, da salonsa. Amma daga sama ana ganin cikin turmi. Ƙaiƙayi ne. Ba ƙwayar hatsi ko ɗaya. Rumbun nan babba an ɗage hularsa, ciki wayam. Garken awaki na bayan katangarsu ba ko akuya ɗaya, sai turaku. Tukunya a kan murhu, hayaƙi na tashi yadda maƙwabta za su gani, a gefe kuma kwano cike da anza, ƴaƴan itacen daji na lokacin yunwa, ana jiƙa ta don ɗacin ya fita. Yaran uku suna kwance a inuwa. Da hantsi, yara, a kwance.

Ta ɗago kai. Muka haɗa ido. Na san ta gan ni, ta san na gani. Ba ta daina dakan ba.

Ban san yadda na sauko ba. Uwa ta ce lafiya, na ce jiri ne. Ni da na yi ta cewa hassada.

Lahadi, 28 ga Maris

Ban hau ba.

Talata, 30 ga Maris

Na yi wauta. Jiya na cika babbar langa da shinkafa da miya na ba Uwa ta kai, na ce ta ce baƙi ne suka fasa zuwa, kada ta lalace. Na ji daɗin kaina har na yi barcin rana.

Yau langar ta dawo a wanke. Ba a maido kwano wayam, ni ma na sani, amma kaina bai kawo ba. Na buɗe, gyaɗa ce a ciki, da toka-toka a jikinta. Ni ƴar manomi ce, na san gyaɗar da ake adanawa cikin toka. Iri ne. Irin da zai shuka in ruwa ya sauka, shi ya ɗiba ya biya mini shinkafata.

Na zauna da langar a cinya na yi kuka. In na sake aikawa, sai na cinye masa gonar baɗi. In na kai sunansa wurin masu furoje, na kashe shi da ransa, mutumin da shi ke fidda zakka a unguwar nan.

Gyaɗar na ƙulle a tsumma na ajiye. Ban san ta yadda za ta koma ba.

Asabar, 3 ga Afrilu

Sun zo! Mata bakwai, maza biyu, jajaye kamar an gasa su, kowa da malafa da gorar ruwa. Shugabarsu doguwa ce mai furfura, Faransancinta a hankali, mun fahimci juna sosai. Da na miƙa musu ruwan sanyi na ce rana ce ta sanyaya shi, sai suka tafa. Na nuna musu ɗakin batir, na nuna musu tsohon injin cikin buhunsa, ɗaya har hotonsa ya ɗauka. Furar Uwa sun shanye ta tas. Itacen dogon yaro na tsakar gida ma sai da suka rungume shi.

Wallahi na ji daɗi. Abin da na yi ta mafarki ke nan, ga shi a tsakar gidana yana cin tuwo da cokali.

Da yamma shugabar ta nuna sama ta ce yaushe za su hau. Kowannensu da na'urar hoto a wuya, wata bakinta ya kai tsawon muciya. Da irin wannan ai har cikin turmi.

Na ce tsani ya karye. Jibo ya kalle ni.

Litinin, 5 ga Afrilu

Jiya Maijirgi a amalanke, sun ga gawo sun ga manoma, yau kasuwar Mayahi. Suna dawowa da murna, suna tambayar tsani. Na sa Sidi ya kai shi gidan ƙanwarsa ya ɓoye.

Jibo ya ja ni zaure. "Madam, mi ke damunki? Soron nan na sayar musu! Ga kafinta nan bakin tasha, yanzu in kira shi." Na ce a'a. Ya ce to mata kaɗai su hau, su bar na'urorin a ƙasa. Na ce a'a. Ya ce in gaya masa dalili. Na ce ba dalili, sorona ne. Ya ce in ba soro, gidana ɗaya yake da kowane gida a kan titin nan. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara yi masa tsawa.

Tun ranar tsumman ba a goge pano ba. Fankoki sun mutu tun kafin gari ya waye, a wannan zafin na bazara. Da safe na tarar da su a tsakar gida suna fifita da malafa. Ba wanda ya yi ƙorafi, wannan ya fi ciwo.

Talata, 6 ga Afrilu

Sun tafi. Shugabar ta rungume ni ta ce gidana na da kyau, za su yi shawara. Na koyar da yara shekaru, na san ma'anar za mu yi shawara. Jibo ko sallama bai yi mini ba.

Asabar, 10 ga Afrilu

Na kira Ƙadri na ce ya zo ya sauko da su ƙasa. Ya ce, "Yaya, lahiyarki ƙalau?" Na ce iskar farkon damana nake tsoro, kada ta kwashe su, kuma gwiwoyina sun gaji. Ya ce shi ya ɗaure su, ko guguwa ba ta taɓa su. Ya ce tsakar gidana duk inuwar dogon yaro ce, sai dai in sare shi. Na ce wanda ya taɓa itacen nan sai na sare shi shi ma.

"To ina za a sa su?"

Na ce akwai wani fili.

Yau na yafa babban mayafi na je zauren Malam Danda, na durƙusa kamar mai neman gafara. Na ce Malam na zo roƙo. Na ce ka yi gaskiya tun farko, hawan nan ya fi ƙarfina, ga baƙi sun gudu. Filin nan na bayan katangarka mai ƙofa ta lungu, rana na dukansa tun safe har yamma, ka taimake ni ka ba ni haya. Ban ce garke ba. Ban tambayi ina awaki ba.

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce tsakaninmu ba haya. Na ce ni kuwa ba na zama a filin mutum kyauta, marigayi bai koya mini haka ba, kuma kuɗi duk sun tafi a pano, sai dai in riƙa biya da hatsi duk wata, in bai raina ba. Ƙarya ce, hatsin ma saye zan yi.

Ya ce, "Tunda kin matsa, Madam."

Na matsa ɗin.

Laraba, 14 ga Afrilu

Sidi ya yi shelarsa ta ƙarshe, an sauko da su. Ƙadri na aiki yana ƙunƙuni, wai waya ta yi tsawo, ƙarfi zai ragu, katanga za ta tare ranar yamma. Duk ya faɗa, duk na ji. An kafa su kan ƙarafa, an kewaye da ƙaya.

Buhun farko ya shiga gidan da rana tsaka, ta babbar ƙofa, a kan amalanke, kowa na gani. Kuɗin haya ne, ai ba abin ɓoyo ba ne. Ƙullin gyaɗar nan na tura can ƙasan buhun.

Lahadi, 9 ga Mayu

Jibo ya kira. Kamfanin ya zaɓi wani masauki a hanyar Damagaram, mai bene. Na ce Allah ya sa alheri, na kashe salula, na shiga ɗaki na zagi Jibo da kamfanin da benen.

Firigo yanzu ba ya ƙanƙara, sai dai sanyi-sanyi. Ƴan furoje ne kawai ke riƙe da ni, su ma in an yi girbi za su tafi. Filin Mayahi ya tafi ke nan.

Malam Danda kuwa shi ya ɗauki gugar pano, ba wanda ya sa shi. Wai abin da ke filinsa ba zai zauna da datti ba. Ɗazu na ji shi yana yi wa wasu ƴan Maijirgi bayanin yadda rana ke shiga batir. Duk ba daidai ba. Na ƙyale shi.

Juma'a, 14 ga Mayu

Hadari ya haɗu a gabas jiya, bai zubo ba, amma an ji ƙanshinsa. Kowa na gyaran kalme.

Da hantsi ina tsince shinkafa sai na ji ƙaramar ƙofa ta yi ƙara. Hindu. Ta rame, zanen ya yi mata yawa, amma da kwalli a idonta, ƙaramin na goye yana cin wani abu. Muka gaisa kamar jiya muka rabu. Ta zauna ta sa hannu a tiren, muna tsinta tare. Can ta zaro wani abu daga ƙugunta ta ajiye kusa da ni, a wanke, a ninke. Tsummana.

Ba ta kalle ni ba. "Yaya Ramatu, lokacin da wanga ya hwaɗo gidanmu…"

Na ce, "Ke, ni in ina can sama ƙyallin gilashin nan kashe mini ido yake. Komai ba na gani."

Ta ci gaba da tsintar. Ta ce, "Haka na gaya ma Malam."

Daga nan muka koma kan tsadar tumatir, muka zagi masu sayar da shi har azahar.

Na sauko da panon ne saboda iska da gwiwoyina, kowa ya sani. Rubutun yau duk ya karkace. Zafi ne, fankar ɗakina ba ta da ƙarfi yanzu.